HUKUNCIN GININ DA YA KARKATA A KAN JAMA'A

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, dalilin wannan wa'azi tambaya ce da wani ɗan'uwanku ya yi mini bayan karatun magariba. Ya ce gidansu na gado irin tsofaffin gidajen nan ne da Turawan haƙar kuza suka bari a ƙasar Jos, masu murhun jin ɗumi a ciki, da bututun hayaƙi na jan bulo wanda ya fito ta saman rufi. Bututun nan ya karkata, ya sunkuyo kan lungun da yara suke bi zuwa makarantar allo. Ya gaya wa yayyensa. Ɗaya ya ce, shekara nawa yana nan a haka bai faɗi ba? Ɗaya ya ce abin da Allah Ya rubuta babu mai kankare shi. Gwaggonsu kuwa ta ce aikin aljannu ne, a nemo mai magani. To, mene ne hukunci?

Amsar ta shafe mu duka, domin hukuncin bututun nan shi ne hukuncin bututun gidan burodi, da katangar da ta kwanto kan hanya, da zauren da ya tsage.

ABIN DA KE SA GINI YA KARKATA

Ku sani, babu aljani a cikin wannan magana, sababi ne wanda ido yake gani. Wani lokaci daga ƙasa abin yake farawa: ruwan indararo ya yi ta zuba a gindin gini shekara da shekaru, ƙasa ta yi laushi, harsashi ya nutse ta gefe guda, sai ka ga bututu yana rabuwa da bango, tsaga tana buɗewa. Wani lokaci kuma daga sama ne: kunkunniyar hayaƙi ta haɗu da ruwan sama ta ci simintin da ke tsakanin bulo, gefen da ruwa ya fi duka ya kumbura, sai kan bututun ya lanƙwasa zuwa ɗaya gefen. Wani kuma da hannunsa yake ƙara wa abin ciwo, ya ɗaura masa eriya, iska tana jijjiga shi dare da rana.

Kada kuma ku raina nauyinsa. Jan bulo ɗaya yakan kai kilo 2 zuwa 3. In guda 300 ne a saman rufi, watau kilo 600 zuwa 900 ke nan, nauyin buhun siminti 12 zuwa 18. Wannan shi ne abin da ke rataye a kan 'ya'yan mutane safe da yamma.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Malamai ba su bar wannan mas'ala ba. Shaihu Halilu ya ambace ta a cikin Muhtasar, littafin da malamanmu suke karantarwa a zaurukansu. Taƙaitawarta ita ce: idan bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi, kuma yana da hali da lokacin da zai gyara amma ya ƙi, to duk abin da bangon ya hallaka yana wuyansa. In dukiya ce, ya biya. In rai ne, diyya ta tabbata, diyyar kisan kuskure kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Malamai sun so a yi gargaɗin a gaban shaidu don kada ya musa. Waɗansunsu ma sun ce in haɗarin ya fito fili, har makaho ya san da shi, ko ba a gargaɗe shi ba ramuwa ta hau kansa. Wanda kuwa tun farko a karkace ya yi gininsa a kan hanya, wannan ba ya bukatar gargaɗi, tun ran gini ran zane.

Asalin wannan duka shi ne Manzon Allah (S.A.W.) ya hana cuta da cutarwa, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa. Ya kuma yi rantsuwa cewa imanin mutum bai cika ba matuƙar maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Ya sanya kau da abin cuta daga hanya cikin rassan imani. To jama'a, in ɗauke ƙaya daga hanya imani ne, mene ne sunan wanda ya rataye buhu 18 a kan hanya ya koma ɗaki ya yi barci?

MASU FAKEWA DA ƘADDARA

Mai cewa abin da Allah Ya rubuta babu makawa, gaskiya ya faɗa, amma ɓata yake nufi da ita. Shi da kansa, in mota ta taso masa, ai tsalle yake yi ya kauce. Annabi (S.A.W.) ya umurci mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, da aka yi masa magana ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ko kai ka fi Umar tawakkali ne?

Ya tabbata a hadisi cewa wanda gini ya faɗa wa ya mutu yana cikin shahidai. Na'am. Yaron ya tafi da shahadarsa, kai kuma ka zauna da jininsa. Me za ka ce wa uwarsa? Me za ka ce wa Allah?

Amma batun binne laya a gindin gini, ko yanka baƙin zakara don a lallashi aljannu, wannan ya fi rushewar ginin muni. Yanka don wanin Allah shirka ne, kuma Annabi ya la'anci mai yin sa. Kuɗinka ya tafi, imaninka ya tafi, bututu kuma yana nan a karkace.

ABIN DA ZA KA YI

Na ɗaya, a daina hura wuta a murhun daga yau. Bututun da ya tsage yakan mayar da wata iska mai guba cikin ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barcinsu.

Na biyu, kau da mutane. A tashi daga ɗakin da ke ƙarƙashinsa, a tare lungun, a gaya wa maƙwabta da malamin makaranta da mai unguwa. Kada kunya ta hana ka.

Na uku, kira magini wanda ya san aikinsa, ko injiniya. Zai sako igiya mai ƙarfe a bakinta ya auna karkatar, ya gane ko daga sama ciwon yake ko daga harsashi.

Na huɗu, in daga sama ne, a kafa katakon tsayawa, a sauke bulo ɗaya bayan ɗaya daga can ƙoli har inda ginin yake da ƙwari. In ana bukatarsa a sake ginawa, in ba a bukata a rufe wurin da kwano a huta. In kuwa harsashi ne, a fara juya ruwa daga gindinsa, a bar injiniya ya faɗi gyaran.

Na biyar, kada ka cusa siminti a tsaga ka shafe da fenti, wannan ɓoye aibi ne. Kada ka ɗaure shi da waya. Kada ku taru ku ja shi da igiya, kuma kada ƙarfin samartaka ya kai ka hawa rufi kai kaɗai.

Kuɗin aikin yana kan masu gida, magada kowa gwargwadon rabonsa. In haya kake, ka sanar da mai gida a gaban shaidu. In na maƙwabci ne, ka je da ladabi ka gaya masa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yayyenka da iyayenka kuwa, ka yi musu magana da taushin murya, ka ce kai za ka fara ba da naka. Wanda ya iya tara kuɗin kayan biki da na makaɗa ba zai ce ya rasa ladan magini ba.

Ku tuna abin da kuke karantawa kowace Jumma'a cikin Suratul Kahfi. Annabi Musa da Halliru sun shiga wani gari, mutanensa suka hana su abinci. Duk da haka da Halliru ya ga bango yana shirin faɗuwa sai ya tayar da shi, bai karɓi lada ba. Bangon na waɗansu marayu biyu ne, taskarsu tana ƙarƙashinsa, ubansu kuma mutumin kirki ne. Baƙo ke nan da aka wulakanta ya gyara bangon wani. Kai fa, da naka ne, a unguwarku? Ku tashi ƙungiya ƙungiya kafin damina ta faɗi, ku duba gidajen marayu da na tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu. Mai sana'ar gini ya ba da hannunsa, mai kuɗi ya sayi siminti, mai ƙarfi ya ɗauki bulo.

Annabi (S.A.W.) ya kasance yana neman tsarin Allah daga rushewar gini. Allah Ya tsare mu da ita, Ya tsare mu da ɗaukar haƙƙin wani, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.