Kuɗin Farar Takarda: Halas ne ko Yaudara?

Ranar Asabar bayan La'asar wani maƙwabcina a kasuwa ya tsare ni da tambaya, kuma ɗan ƙanena yake nufi. Yaron yakan ɗauki hoton tsohon buhun masara ko tsatsar kwanon rufi, ya yanke shi a waya, ya ɗora a kan farin fili, ya ja layi ɗaya ko biyu, ya kai a buga. Wani lokaci kuma guntun atamfa da murfin kwalba yake mannawa a jikin katako. Iyakar aikin ke nan. Kwanan baya wani ma'aikaci da aka turo Kontagora ya sayi guda ɗaya a kan kuɗin da ya fi ribata ta buhun wake biyu. Maƙwabcin nawa ya ce, "Liman, wannan ba cin kuɗin mutane ba ne?"

Gaskiya ni ma abin ya daɗe yana ci mini rai. Babu hoton mai rai a ciki, saboda haka wannan ƙofar a rufe take. Saura maganar ciniki. Abin da muka karanta a babin saye da sayarwa na Risala shi ne haramcin algus, da ɓoye aibi, da sayar da abin da ba a san yadda yake ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i kuma ta ɗora ciniki a kan yardar juna. To me yaron ya ɓoye? Mu ne ma, 'yan hatsi, aka sani da zuba mai kyau a bakin buhu. Shi kuwa hajarsa ba ta da ƙasan buhu, duk abin da ke cikinta yana gaban idon mai saye.

Na zauna kusa da shi wani dare. Ya fara da abubuwa kusan goma a kan allon wayar, yana cirewa ɗaya bayan ɗaya har saura biyu, sai da aka kira Asuba bai gamsu ba. Ashe cirewar ce aikin. Ya ce mini ba shi ya fara ba: tun 1915 wani mai zane a Rasha, Kazimir Malevich, ya nuna baƙin murabba'i a kan farin fili a matsayin cikakken zane. Na ce masa ba sai ka je Rasha ba, masaga a Bida sun daɗe suna narkar da fasassun kwalabe su fitar da duwatsun wuya da awarwaro, ba wanda ya ce musu macuta.

Saboda haka na gaya wa maƙwabcina kuɗin halas ne. Amma akwai abin da ban gaya masa ba. Idonmu ya saba da cika: jeren kwanukan amarya har rufi, aska takwas a gaban riga, zayyanar allon sauka. A unguwar nan kuwa akwai ɗakunan da bangonsu fayau yake, ba don masu su sun zaɓa ba. Wanda ya ƙoshi ne ke biyan kuɗi don ya rataye “babu” a falonsa, har ya ji kamar ya yi zuhudu. Wannan ba laifin yaron ba ne, na sani. Duk da haka na roƙe shi ya buga guda ɗaya ya kai wa wata tsohuwa da ke bayan masallacinmu kyauta. Ta juya takardar gaba da baya, ta tambaye shi yaushe zai dawo ya ƙarasa.