Tsakanin Balaga da Hankali: Tambayar da Littattafan Matasa Ke Zagayawa

Ƙagaggun labaran da ake rubutawa domin matasa suna yawan komawa kan tambaya guda wadda ta girme su nesa ba kusa ba, wato yaushe ne mutum ke zama mai ɗaukar alhakin abin da ya aikata. Jiki yana da tasa amsar, addini yana da tasa, dokar ƙasa ma haka, kuma ba kasafai amsoshin nan uku ke faɗowa a rana ɗaya ba.

A fiƙihun Musulunci iyakar a fili take. Da zarar alamomin balaga sun bayyana, kamar mafarki ga namiji ko haila ga mace, yaro ya zama mukallafi: salla da azumi sun hau kansa, an fara rubuta masa zunubi. Idan alamomin sun yi jinkiri sai a koma ga shekaru. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya kan 15, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda Annabi (SAW) ya mayar da shi gida a yaƙin Uhudu yana ɗan 14, ya kuma karɓe shi a yaƙin Khandaƙ yana ɗan 15. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne 18. Yahudawa sun sa tasu iyakar a 13 ga namiji, 12 ga mace, yayin da Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ke kiran duk wanda bai kai 18 ba yaro.

Sai dai fiƙihu bai ɗauki balaga a matsayin ƙarshen tafiya ba. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarci waliyyin maraya ya riƙa jarraba shi har ya isa aure, kuma kada ya miƙa masa dukiyarsa sai ya ga rushdi tare da shi, wato iya sarrafa dukiya da sanin ya kamata. Ke nan mutum na iya zama wanda za a tuhuma kan salla alhali ba a amince masa da gadon ubansa ba. Imamu Abu Hanifa ya ga cewa ko rushdin bai bayyana ba a ba shi dukiyarsa idan ya kai 25, sauran malamai kuwa suka ce sai ya bayyana. Wannan tazara, inda nauyi ya riga ya hau kai amma hankalin ɗaukarsa bai gama nuna ba, ita ce filin da littattafan matasa suka kafa sansani a kai.

A da tazarar gajera ce, domin gona da sana'a da aure suna haɗiye yaro nan take. Makarantar zamani ce ta tsawaita ta. A 1904 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka G. Stanley Hall ya wallafa babban littafinsa kan tashen balaga, ya siffanta shi da lokacin guguwa da damuwa, kuma yayin da makarantun sakandare suka cika da ɗalibai a ƙasar, sai aka sami miliyoyin baligai da ba a ɗauke su manya ba. Su ne suka zama masu karanta wannan adabi.

Littafin da aka fi dangantawa da haihuwar sabon salon shi ne The Outsiders na S. E. Hinton, wanda ya fito a 1967, marubuciyarsa kuma ta fara shi tana ɗalibar sakandare a Tulsa. A ciki Johnny, ɗan shekara 16 da iyayensa suka yi watsi da shi, ya daɓa wa wani ɗan masu kuɗi wuƙa har lahira don ya ceci abokinsa Ponyboy da ake nutsar da kansa a ruwa. Yaron nan kuma shi ne daga baya ya kutsa cikin cocin da ke cin wuta ya fitar da ƙananan yara, raunin da ya samu ya yi ajalinsa. Hinton ba ta wanke shi ba, ba ta kuma jefa shi wuta ba. Ta bar mai karatu da tsohuwar matsalar masana tauhidi da falsafa: nawa ne na zaɓin mutum a cikin aikinsa, nawa ne na gidan da ya taso da unguwar da ta rene shi.

The Catcher in the Rye na J. D. Salinger, na 1951, don manya aka rubuta shi amma matasa suka ƙwace shi. Holden Caulfield, da aka kora daga makaranta, yana gararamba a New York yana ganin munafunci a fuskar kusan kowane babba, burinsa kuma ya zama mai tare yara kada su faɗa daga kan tsauni. A idonsa girma faɗuwa ce. Tunanin yana da tushe a wurin Jean-Jacques Rousseau, wanda a littafinsa Émile na 1762 ya ce mutum na zuwa da kyakkyawar ɗabi'a, jama'a ce ke ɓata shi. Ya yi kama da aƙidar fiɗira a Musulunci, amma sun rabu a wuri mai muhimmanci: a Musulunci taklifi karramawa ce, domin mai hankali kaɗai ake ɗora wa umarni. Raunin Holden shi ne ya iya gano laifin kowa, amma bai yarda a ɗora masa komai ba, ko da yake mutuwar ƙanensa Allie ta sa da wuya mai karatu ya yi masa tsanani.

Robert Cormier ya fi su rashin sassauci. A The Chocolate War na 1974, Jerry Renault ya ƙi sayar da cakulan da makarantarsa ta Katolika ta ɗora wa ɗalibai, sai ƙungiyar asiri ta ɗalibai da malamin da ke riƙe da makarantar suka haɗe masa kai. Labarin ya ƙare an yi masa jina-jina, azzalumai kuma sun tafi abinsu. An sha neman a cire littafin daga ɗakunan karatu na makarantun Amurka, alhali tambayarsa ta cancanci a yi wa baligi: idan gaskiya ba ta biya a duniya, me zai sa a tsaya a kanta?

Batun imani kansa ya fito fili a Are You There God? It's Me, Margaret na Judy Blume, na 1970. Margaret, 'yar shekara 11, ubanta Bayahude ne, uwarta Kirista, an kuma rene ta ba addini. Tana ganawa da Allah a ɓoye, tana leƙa majami'ar Yahudawa da coci-coci, kakanninta na ɓangarorin biyu suna ja-in-ja a kanta, har labarin ya ƙare da zuwan hailarta ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Imamu Gazali ya ba da labarin irin wannan farkawa a Al-Munƙiz minad Dalal, cewa tun yana kusa da ƙuruciya igiyar bin iyaye ido rufe ta kwance masa, ganin 'ya'yan Kirista na tashi Kirista, na Yahudawa Yahudawa, na Musulmi Musulmi. Malaman tauhidi sun daɗe suna muhawara kan ingancin imanin muƙallidi, wato mai bi ido rufe, kuma Ahalari, littafin da almajirai ke fara fiƙihu da shi a ƙasar Hausa, da wajabcin gyara imani a kan mukallafi ya buɗe. Bambancin shi ne Gazali yana da malamai da littattafan da zai yi jayayya da su, Margaret kuwa an bar ta ita kaɗai da sunan 'yanci.

Adabin Hausa ya kalli tazarar ta wata fuskar. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta tana ƙarama an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. A nan manya sun ɗauki balagar jiki ta wadatar wajen ɗora mata aure, amma ba su ga ta isa a nemi ra'ayinta ba. Marubuciyar, wadda ita ma aka aurar tana ƙarama, ba ta sa Abu ta juya wa addini baya ba, domin ƙarar tata a kan iyaye da al'ada ta shigar, kuma da ilimin da Musulunci ya wajabta nema ta kafa hujja.