Ladan Kuturu: Shin Taimako Mai Sharaɗi Taimako Ne?

A ce bazara ta yi tsanani, wani mai hali a Kurfi ya auna wa maƙwabcinsa gero, sa'an nan ya ce, "Amma fa in kaka ta yi, kada ka sayar wa wane gyaɗarka, domin ba ma ga maciji da shi." Shin wannan kyauta ce, ko kuwa ciniki ne ya sa rigar kyauta? Wasu za su ce ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To amma mu tsaya mu duba.

Manyan ƙasashe sun daɗe suna wannan ciniki. A 1951 majalisar dokokin Amurka ta kafa doka cewa duk ƙasar da ta sayar wa Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta kayan da ke ƙarfafa yaƙi, to a yanke mata taimako. A 1952 ƙasar Silon, wadda yau ake kira Siri Lanka, ta rasa kasuwar kirki ga robarta, ga kuma ƙarancin abinci. Sai ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sin, ta ba da roba ta karɓi shinkafa. Amurka ta hana ta taimako har 1956. Laifinta shi ne ta ƙi ɗaukar gabar da ba tata ba.

Kada mu yi saurin yanke hukunci, domin mu ma mun san dalilin hana maƙiyi kaya. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Mun sha wuya, amma mun san man da ke shiga daji, baburan 'yan bindiga yake tayarwa. Ba mai hankalin da zai wasa wa maƙiyinsa wuƙa.

Ashe ke nan tambayar ba ta hanawa ba ce kurum, ta wanda zai ɗauki nauyin ce. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi suka kwana cikin duhu, fataken Jibiya suka yi zaman jiran tsammani. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, sojojin na nan daram bisa mulki. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi!

A ganinmu ma'auni biyu ne. Na farko, a bambanta takobi da tuwo: hana makami kariya ce, amma hana abinci, magani ko haske horo ne ga wanda bai ji ba bai gani ba. Na biyu, mai bayarwa yana da ikon tambayar yadda aka kashe abin da ya bayar, amma ba shi da ikon zaɓar wa mai karɓa abokan gaba. In ya yi haka, to ya kira abin da sunansa: ciniki.

Ya ku 'yan'uwa marubuta, aikinmu ne mu tsare ma'anar kalmomi. Duk inda muka ji an ce "taimako", mu tambayi farashinsa, mu kuma tambayi wanda zai biya. Allah Ya rufa mana asiri, Ya cika rumbunanmu, domin mai rumbu cike shi ke zaɓar wanda zai sayar wa gyaɗarsa.