Ko Ana Iya Sanin Sha'anin Mutane Daga Littafi Kaɗai?

A shekarar 1973 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu na Najeriya, wanda hedikwatarsa take Jos, ya ƙirƙiro shirin SIWES, wato tsarin tura ɗalibai wuraren aiki na wasu watanni kafin su kammala karatu. Tun farko an gina shi ne domin masu karatun injiniya da kimiyya da noma da makamantansu, yayin da akasarin ɗaliban tarihi da harsuna da falsafa da kimiyyar siyasa suka tsaya a ajujuwa har ranar karɓar digiri. A ƙarƙashin wannan rabo akwai wani zato da ba a cika furtawa ba, cewa sarrafa inji yana buƙatar hannu, amma fahimtar al'umma tana samuwa ta hanyar karatu kawai.

Manyan masu tunani sun daɗe da rushe wannan zato. Arasɗo, malamin falsafa na Girka, ya raba ilimi gida-gida, ya ware wani sashe na musamman ga basirar yanke hukunci, ma'ana iya gane abin da ya dace a yi a cikin wani lamari guda, da mutanensa da lokacinsa. Ya lura cewa matashi yana iya zama gwani a lissafi, amma da wuya ya mallaki wannan basira, domin ita ba ta da wata hanya sai daɗewa ana cuɗanya da al'amura. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya matsa gaba, inda ya nuna cewa malamai ne suka fi kowa nisa da sanin siyasa, saboda sun saba da ƙa'idoji na bai ɗaya suna auna kowane lamari da su, alhali kowace ƙasa da kowace jama'a tana da yanayin da bai shiga ma'aunin ba. A wurinsa ƙwarewa malaka ce, wato ɗabi'ar da take zama a zuciya saboda yawan maimaita aiki. Idan haka ne, ɗalibin nazarin zamantakewa ya fi ɗalibin injiniya buƙatar fita, domin ƙarfe yana bin dokar da aka rubuta a littafi, amma matar da ta kawo ƙarar mijinta ofishin jin daɗin jama'a tana zuwa ne da tsoro da kunya da nauyin dangi, abubuwan da babu darasin da zai ƙididdige su.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce ga wannan fahimta, tun da a da muhuti yakan shafe shekaru a gefen alƙali yana rubutu yana sauraro kafin a ba shi shari'a, ko da kuwa ya haddace Risala da Mukhtasar.

Sai dai fita kaɗai ba ta wadatar, kuma a nan ne abin yake da ban takaici. Ɗalibin da aka tura ma'aikata ya ƙare da ɗaukar fayil da zuwa aike, a ƙarshe a sa masa hannu a littafin rahoto, bai koyi komai ba sai yadda ake kashe lokaci, kuma an ci guminsa ba tare da lada ba, abin da fiƙihun ijara, wato hukunce-hukuncen ɗaukar ƙwadago, yake ƙyama sai idan koyarwar da aka yi masa alkawari ta tabbata. Sharaɗin da Arasɗo da Ibnu Khaldun suka haɗu a kansa shi ne kasancewar gwani da ake gani yana aiki, yana kuma gyara wa na baya. Saboda haka nauyin yana kan jami'a ta nemo wa ɗalibin tarihi ma'aikacin Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna ko Gidan Arewa da zai zaunar da shi gaban rahoton wani Razdan na zamanin mulkin mallaka ya nuna masa inda marubucin ya ɓoye manufarsa, ta kuma nemo wa ɗalibin Hausa editan rediyo da zai mayar masa da fassararsa sau uku har ta zama maganar da manomi zai fahimta.