Ko Daidai Ne Mai Bindiga Ya Yi Jayayya Da Doka?

A watan Nuwamba 2024 Lakurawa suka kore shanun mutanen Mera, cikin ƙasar Augie. Mutanen gari suka bi sawu, aka kashe 15 daga cikinsu. Duk wanda ya ji labarin nan a Gulma ko Argungu, lalle tambaya ta zo masa: don me doka ta ke tsananta wa manomi a kan bindiga, ga shi kuwa ɓarawo yana yawo da tasa?

Dokar Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi 3. Ta yaƙi sai da iznin Shugaban Ƙasa. Ta farauta mai harsashi sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa, maganarta tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2022 Gwamna Matawalle na Zamfara ya ce jama'a su nemi lasin su tsare kansu, amma Babban Hafsan Tsaro, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

A Amurka masu bindiga sun daɗe suna wannan jayayya. Suna da ƙungiya, NRA, wadda aka kafa a 1871. Takan bi 'yan majalisa da roƙo, takan kashe kuɗi lokacin zaɓe, takan kai ƙara kotu. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce mutum yana da hakkin ajiye bindiga a gidansa, a 2022 kuma ta ce yana iya fita da ita domin tsaron kai. Amma a 2024 kotun nan ta yarda a karɓe bindigar wanda alƙali ya tabbata yana razana iyalinsa.

To, mene ne za mu ce? Muna gani ba laifi ba ne mutum ya ce doka ta ƙuntata masa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Hukumar da ta hana talaka makami ta ɗauki bashin tsaronsa, wajibi ne kuwa a tuna mata. Wanda ya kai kukansa majalisa ko kotu ya fi wanda ya sayi bindiga a ɓoye, gama ya yarda doka tana bisa bindiga.

Amma yardan nan tana da nauyi. Wanda ya shiga kotu ba shi da ikon karɓar hukunci ran da ya yi masa daɗi kaɗai. Ran da aka ce a rubuta sunansa, ko a karɓe makamin mai zafin zuciya, sai ya yi biyayya. Kuma kada kuɗin ƙungiya ya danne muryar gwauruwa da marayu, waɗanda ba su da lauya. Bindigar da aka saya domin ɓarayi, ita ce ke jingine a ɗaki ran da faɗan gona ya tashi tsakanin maƙwabta.

Domin wannan, 'yan'uwa, in za mu roƙi wakilanmu su sassauta doka, bari mu roƙi abin da za mu yarda a bai wa maƙwabcin da ba mu shiri da shi, gama dokar da ta ba mu, shi ma za ta ba shi.