Jinyar Miji Mai Raunin Wuya: Amsa ga Mai Tambaya daga Ɗankaza

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Ɗankaza, cikin ƙaramar hukumar Wudil, ta aiko da tambaya ta hannun ƙaninta. Mijinta ya faɗo daga saman motar shanu ranar kasuwar Wudil, ƙashin wuyansa ya tsage, lakarsa ta taɓu. An yi masa aiki a Kano, an sallamo shi da robar wuya da robar fitsari. Hannuwansa sun fara motsi, ƙafafu dai da saura. Ita ce uwargida, tana da abokiyar zama. Tana son sanin yadda zai yi alwala da salla, tun da wasu masu zuwa dubiya sun ce sai an cire robar wuyan ya yi sujada. Tana tambaya ko tata alwalar na karyewa in ta yi masa tsarki, da yadda rabon kwana zai kasance, da kuma ko gaskiya ne jinyar nan wajibinta ce ita kaɗai, kamar yadda dangin miji ke faɗa.

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya ba maigidan lafiya, Ya sa kaffara ce.

Hukuncin ya rataya ne a kan yadda wuyan yake. Ƙasusuwa 7 ne a jere, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, kuma jijiyoyin da ke motsa numfashi suna fita ne daga wajen na 3 zuwa na 5. Shi ya sa likitoci kan bar robar a wuya makonni 6 zuwa 12, gwargwadon raunin. Lanƙwasawa guda ta ganganci na iya mayar da raunin da ake sa ran warkewarsa shanyewa ta har abada. Don haka cire robar domin sujada haramun ne, ba taƙawa ba ce, kuma wanda ya ba da wannan shawara ya yi magana ba da ilimi ba. Haka nan kai shi wurin mai ɗori a ja wuyan. Masu ɗori na da gwanintarsu a hannu da ƙafa, amma wuya sai a bar wa irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Salla ba ta faɗuwa a kansa muddin hankalinsa na nan. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, Annabi (SAW) ya umarce shi da yin salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Malaman Malikiyya sun ci gaba da jerin: a rigingine, ƙafafu na fuskantar alƙibla, yana nuni. Idan ko sunkuyar da kai likita ya hana, ya yi nuni da ido, in hakan ya gagara ya gudanar da sallar a zuciyarsa. A juya gadon sau ɗaya ya kalli gabas, a huta. In juyawar za ta cutar da shi, ya yi salla duk inda fuskarsa take. Yana iya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ya haɗa da La'asar a farkon nata, haka Magariba da Isha'i, don mai jinya ta samu sauƙi.

Batun alwala ma da sauƙi. Wuya ba ya cikin gaɓoɓin alwala, shafarsa ma makaruhi ce a mazhabar Maliku. Matar za ta wanke masa fuska da hannuwa da ƙafafu, ta shafi kansa ba tare da ɗaga shi ba, shi kuma ya ɗaura niyya. A wankan wajibi a shafa saman robar, kamar yadda ake shafa a kan ɗaurin karaya. Ranar da ruwa zai cutar, ko babu mai taimakawa, taimama ta wadatar; Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ta yi wannan rangwame ga marar lafiyar da bai samu mai miƙo masa ruwa ba. Fitsarin da ke zuba cikin roba kuwa hukuncin yoyon fitsari yake ɗauka, ba ya karya alwala tun da ba ya yankewa.

Tsakanin mata da miji babu al'aura, shi ya sa ita ta fi kowa cancantar yi masa tsarki. A Malikiyya taɓawa na karya alwala ne in an nufi jin daɗi ko an same shi, jinya kuwa ba haka ba ce. Ta sa safar hannu, ta wanke inda najasa ta taɓa, alwalarta na nan.

Rabon kwana bai saraya ba, sai dai Halilu a littafinsa Muhtasar ya nuna cewa marar lafiyar da ba ya iya zagayawa zai zauna ɗakin da ya zaɓa. Annabi (SAW) a ciwon ajalinsa, shekara ta 11, sai da ya nemi iznin matansa kafin a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha. Abin da ya fi dacewa da gidan nan shi ne a bar maigida a ɗaki guda, kada a riƙa kinkimarsa, mai girki ta zo ta kwana wurinsa. Ta haka amarya ta samu haƙƙinta, uwargida kuma ta samu barci.

Sai maganar dangin miji, wadda ita ce ta fi nauyi. Hidimar da Malikiyya suka ɗora wa mace ita ce ta cikin gida bisa al'ada: girki, shara, shimfiɗa. Kyautata zama ya ƙunshi tsayawa kan miji in ya kwanta, kuma ladan ba ƙarami ba ne. Sayyadina Usmanu bai halarci Badar ba a shekara ta 2 saboda jinyar matarsa Ruƙayya, amma aka ba shi ladan wanda ya halarta da kasonsa na ganima. Sai dai wannan jinya ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ana juya majinyacin duk bayan awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi, kuma juyawar na buƙatar mutum uku ko huɗu, ɗaya na riƙe da kai don ya tafi tare da gangar jiki. Ga kai shi gashin ƙashi, ga lura da shaƙewa wajen cin abinci. In ciwon kai mai tsanani da gumi suka taso masa kwatsam, sau da yawa robar fitsari ce ta toshe ta tayar da jini, dole a duba nan take a nemi ma'aikacin lafiya. Jinyar da ta kai haka farilla ce a kan jama'a: in wasu ba su tsaya ba, laifin na kan duk mai iko, kuma makusanta ne a gaba. 'Ya'yansa da ƙannensa su raba kwanaki. Wanda jinya ta tsare ranar Juma'a, babu wani mai zama, yana da uzurin rashin zuwa masallaci, ya sallaci Azahar.

Kuɗin magani daga dukiyar maigida za a fitar, haka ciyar da matan biyu. Ba a tilasta wa mace sayar da akuyarta ko ɗan kunnenta. Abin da ta kashe da niyyar a biya ta bashi ne, ta kafa shaidu. In dukiyar ta ƙare, zakka ta halatta gare shi.

Da matar ce a kwance fa? Mashhurin mazhaba bai wajabta wa miji kuɗin magani ba, amma Ibn Abdil Hakam ya wajabta masa ladan likita da magani, kuma malamai da dama na wannan zamani sun rinjayar da maganarsa, ganin magani ya zama larura kamar tuwo. Wannan amsa ma a kanta ta tsaya.

Idan jinya ta yi tsawo, ciyarwa ta yanke, ko mace ta ji tsoron faɗawa fitina, tana da damar kai kuka gaban alƙali ko neman hul'i, kuma bai halatta a yi mata gori ba. Mai tambaya dai ba ta kai nan ba. Abin da ke gabanta yanzu shi ne ta nemi limamin unguwa ya tara ƙannen mijin a cikin makon nan, a rubuta wanda zai kwana kowace rana.

Allah ne Mafi sani.