Abincin Saman Bene da Haƙƙin Ido

Wanda ya baro Sakkwato da la'asar ya kama hanyar Jega, Boɗinga zai fara tararwa, sannan Shagari, kafin ya kai Tambuwal. In yunwa ta kama shi a tsakani, abin da zai samu a bakin titi sananne ne: teburin mai shayi da bencinsa, tukubar mai tsire, ƙwaryar fura da nono, waina da miya. In kuwa ya ratsa cikin gari ya yi sallama ga dattawan da suka kewaye akushi a ƙofar gida, kafin a gama amsa masa zai ji an ce "Bismillah". Ba a tambayi sunansa ba, balle abin da ke aljihunsa. Ko sunan Shagari ma, garin da aka haifi tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari a 1925 aka kuma binne shi a 2018, in kunne ya raba shi biyu sai ya fito kamar tayi: sha gari.

Amma 'ya'yan waɗannan garuruwa da karatu ko aiki ya kai Abuja da Kano da Legas sun san wani irin cin abinci daban. Gida ne mai bangon gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, ko kuma saman bene da aka shimfiɗa wa kujeru aka rataya ƙananan fitilu, gari duk yana ƙasa. Ana kawo takardar jerin abinci, ma'aikaci na tsaye da hannu a baya. Kafin cokali ya taɓa faranti, waya ta riga ta ɗauki hoto. Hoton nan kuwa ba ya tsayawa a unguwannin Wuse ko Maitama na Abuja. Kafin a wanke farantin ya iso Boɗinga ta TikTok da Instagram, ya faɗa hannun ƙanen da ke jiran tuwon dare.

Shin wannan zama halal ne? Rabin tambayar mai sauƙi ne. Game da inda ake sayar da giya, akwai hadisi a wajen Tirmizi da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da barasa, ko da shi ba ya sha. Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, mashaya ta ja da baya zuwa wuraren da hannun jiha bai cika kaiwa ba, irin kasuwannin barikin soja da ake kira mami. Wannan babi rufaffe ne. Sauran rabin shi ne mai wuya: gidan da babu ɗigon giya a cikinsa, naman yankan Musulmi ne, abin sha zoɓo ne da tsamiya da aka zuba a dogon kofi aka ɗora masa yankan lemo, sai dai kuɗin zama ɗaya na mutum biyu na iya cinye rabin albashin ƙaramin ma'aikaci.

Masu cewa babu laifi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta yi umarni da ci da sha ta hana almubazzaranci, ayar da ke bi mata kuma ta ƙalubalanci duk wanda ya haramta ado da daɗaɗan abincin da Allah Ya fitar wa bayinsa. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son zuma da kayan zaƙi. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar Hausa, an san shi da sa tufafi masu kyau. Gidan abinci kuma sana'a ne: mai dafuwa, mai wanke-wanke, mai gadi, mahaucin da ke kawo naman jar akuyar Sakkwato, manomin albasa da tumatir, duk a nan suke ci. Magidancin da ya fita da iyalinsa sau ɗaya a wata, matarsa ta huta da hayaƙin murhu, bai yi abin zargi ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, neman iska a sama ba sabon abu ba ne. Alhazai ma sun ga dogayen otal-otal ɗin da suka kewaye Harami a Makka, inda ake cin abinci ana hangen Ka'aba ta taga.

Sai dai Boɗinga ba gari ba ne da za a yi irin wannan magana a cikinsa a manta da wanda ya zauna nan. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya yi zango kafin Gwandu. Wannan Abdullahin ne ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ya ga abokan tafiya sun fara karkata ga dukiya da dawakai da manyan riguna. Mutanen Kano ne suka tare shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Shehu kansa, a Kitabul Farƙ, ya lissafa cin abin da rai ke so ba tare da duba halal ko haram ba cikin ɗabi'un sarakunan da ya yaƙa. Wanda ya karanta su da kyau zai ga ba daɗin miya suke faɗa da shi ba. Abin da ya dame su shi ne inda kuɗin ya fito, da kuma wanda aka bari a waje yana kallo.

A nan ne al'ada ta shigo. Malaman fiƙihu na da sun sa cin abinci a kasuwa, ga wanda ba ɗan kasuwa ba, cikin abubuwan da ke zubar da mutunci, har ya kan shafi karɓar shaidar mutum a gaban alƙali. Sun kuma ce hukuncin yana bin al'adar wuri da zamani. Bafulatanin Shagari ya san wannan kunya tun kafin ya buɗe littafi: ya gwammace ya wuni da yunwa da a ga bakinsa na motsi a gaban surukai. To amma Bahaushe yana cin abinci a waje, kuma yana da suna ga hakan: ciyayya. Kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a haɗa a zaure ko a ƙofar masallaci bayan magariba, a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Mai miyar nama da mai lami duk hannunsu a kwano ɗaya, babu mai sanin gidan da aka yi ƙarancin mai. Almajiri na samun saura, baƙo na samun wuri. Ƙa'idar a fili take: abin da ido ya gani yana da haƙƙi a cikinsa, wanda ba ya son rabawa sai ya shige ɗaki ya saki labule.

Gidan abincin zamani ya juya wannan ƙa'ida. An cire labule an sa gilashi, an kuma tsayar da mai gadi a ƙofa. A gan ka kana ci, amma kada a matso. Hausa na da kalma ga nuna wa mutum abu a hana shi, ita ce ƙwalele. Kuma a wace jiha? Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun farko, da kusan mutum 90 cikin 100. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Hadisin Abu Huraira da ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta mafi sharrin abinci, a kan biki ya zo, amma da wuya mai hankali ya karanta shi bai tuna da hoton farantin nan ba.

Shi kansa saman benen yana da tasa matsalar, wadda duk ɗalibin zaure da ya sauke Risala ya sani. Mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci. In taga guda ta zama cutarwa, me za a ce da teburi ashirin da ke kallon tsakar gidan mutane, inda mata ke girki da shanya? Wannan tambaya ce ga masu ba da izinin gini kafin ta zama ta malamai.

Kada kuma a yi wa jiya ado fiye da kima. Ciyayya ta maza ce. Matan da suka tuƙa tuwon sau da yawa ƙanzo ne rabonsu, wani "Bismillah" ɗin kuwa iyakarsa leɓe, mai faɗa na fatan a ce "Alhamdulillahi" a wuce. Gidan abinci aƙalla ya zaunar da uwargida a kujera an kawo mata. Wannan ci gaba ne, kuma wanda ya hana shi da sunan addini sai ya kawo nassi.

Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne cin halal ne, in kuɗin na halal ne kuma ba bashi aka ci don burga ba. Abin da ke da tambaya a kansa shi ne nunin, da kuma albashin yaron da ke ɗauko farantin da ba zai iya saya ba. A birnin Nafuli na ƙasar Italiya akwai tsohuwar al'adar mutum ya sha kofi ɗaya ya biya kuɗin biyu, na biyun ya jira wanda ba shi da shi. A Turkiyya haka ake yi da burodi. Masu gidajen abinci na Sakkwato ba sa bukatar zuwa can koyo, don a Boɗinga da Shagari ana yin wanda ya fi shi kowace magariba. Su ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar farashi, na farantin wanda ke bakin ƙofa, su kuma bar ma'aikatansu su ci daga tukunyar da suke dafa wa baƙi.